Idon Inna Barakatu

Gashin ido na uku ke nan Mariyamu ta kamo da matsefata. Inna Barakatu na kwance, kanta a cinyar maƙwabciyar tata, kamar kowace safiya.

"A hankali ke, ba ƙaya kike cirewa a ƙafa ba."

"To daina ƙiftawa, tsohuwa."

Shekara talatin Barakatu tana bandar kifi, da fari a tsibirin da aka haife ta, daga baya a bakin ruwan Yelwa, bayan tafkin Kainji ya haɗiye garinsu. Da idonta na dama ya soma zubar da ruwa, sai mutane suka ce garin take yi wa kuka. Ba ta musa ba, don zancen ya yi mata daɗi. Amma ta san gashin idon ne ya juya ciki yana sukarta. A tsige shi yau, jibi ya tsiro ya fi kaifi.

Ɗanta Illo, direban babbar mota, ya zo ya yanke magana. "Inna, hayaƙin ga makanta ki zai yi. Ki taho Sakkwato ki zauna wurina." Ta hango zaman: ɗaki, tabarma, babu kogi, babu wanda zai tambaye ta ko kifin nan ragon ruwa ya gasu. Ta roƙi mako biyu.

Cikin kwanakin nan wani likitan ido ya zo gari, ta bi layi. Ya haska tocila, ya ce fatar idon ce ta naɗe ciki, tsigar gashi ba ta warkar da ita. Ɗan ɗinki za a yi a mayar da ita waje.

"Hayaƙi fa, ɗana?" ta tambayi likitan.

"Ki riƙa tsayawa ta inda iska ke fitowa, Inna, ki yawaita wanke fuska."

Aka yi ɗinkin. Ran da aka cire zare, Illo na tsaye a gefe, ta zauna da bakin mayafi a hannu tana jiran ɗigon da ta saba sharewa. Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Kuncinta a bushe.

Illo ya dubi likita, ya dube ta, ya sosa ƙeya.

"Ka gaida mani matarka," ta ce wa Illo. Ta gyara ɗaurin zane, ta ratsa ta gabansa ta fita, ta nufi bakin ruwa.