Takalman Ticha Abdulai

Zuera mai sayar da waakye ce, wato shinkafa da wake, a bakin titin Nima, ɗakinta yana kallon nawa a gidan haya. Ba ta yi boko ba, ba ta da fara'a. Ɗa ɗaya gare ta, Fatawu, ɗalibin kwalejin malamai, kuma ba ta da wani buri sai ya ci jarrabawar ƙarshe.

A zamanin soja aka rufe kwalejinsu, ba a faɗi ranar buɗewa ba. Wani malaminsu, Ticha Abdulai, ya ce kada karatu ya huce. Yakan tara su a ɗakin Zuera bayan la'asar, su watse kafin dokar hana fita. Raba musu darasi yake yi, kowa ya koya wa sauran, shi ma ya zauna a tabarma yana tambaya. Fatawu, wanda lissafi ke kayarwa, har ya fara yi wa wasu gyara.

Zuera takan jera takalmansu a bakin ƙofa suna fuskantar waje, yadda take yi wa baƙon kirki. Ƙofar gidanmu kuwa ba ta rufuwa, duk mai wucewa ta lungu yana gani, a lokacin da taron samari ke jawo tambaya. Na ce ta zuba su a kwando. Ta ce ba na sata ba ne.

Sai wani mutum ya fara sayen waakye kullum, ba ya ci. Yana dai tambayarta ko biki ake yi a gidanmu.

Wata Laraba maza biyu suka yi sallama da ladabi, suka ce ana son ganin Ticha a mota, yanzu zai dawo. Ba su jira ya sa takalmi ba.

Washegari ɗaliban suka yi cirko-cirko a lungu. Zuera ta ɗauko takalman Ticha ta ajiye a gurbinsu.

"Fatawu, yau darasin wa?"

"Nawa ne, Mma."

"To, me kuke jira?"

Rabinsu suka juya gida. Sauran suka shiga, ta kwashe takalmansu ta zuba a kwando, ba ta dube ni ba.

Da aka buɗe kwaleji, waɗanda suka shiga ɗakin sun ci jarrabawar, har Fatawu. Ticha bai dawo ba. Har Zuera ta rasu, kowace safiya takan ɗaga takalman, ta share ƙarƙashinsu, ta mayar.