Mai Kaɗa Ƙarfen Coci

Auta mutumin wani ƙauyen Gbagyi ne a bayan Kakangi. A wurin mahaifinsa ya gaji gona, ya kuma gaji kaɗa ƙarfen coci. Ƙarfen nan tsohon wilin babbar mota ne da aka rataye a reshen ɗorawa. Mahaifin a hankali yake kaɗawa, ya buga ɗaya, ya jira ƙarar ta mutu, sannan ya ƙara, don tsofaffi su iso ba haki. Auta kuwa bugun gobara yake yi, har mata na yi masa tsiya wai Ubangiji ba direban tasha ba ne da zai tashi ya bar su.

Da 'yan bindiga mutanen daji suka matsa, ƙauyen ya watse. Auta ya kama ɗaki a Birnin Gwari da matarsa Azumi da 'yarsu Miracle. Gonar ce bai iya bari ba. Kullum yana bisa babur, a tsaye yake shan kunu, addu'ar safe kuwa daga bakin ƙofa yake jefo amin.

A kakar bara, wata Lahadi, Miracle ta ɓoye masa makullin babur.

"Baba, yau dai ka zauna. Ni zan ja waƙa a coci."

"Dawa ba ta san Lahadi ba, uwata. In ban yanke ba, su za su yanke."

Azumi ta ce, "Baban Miracle, in sun haɗa da kai fa?"

Ya lalubo makullin a cikin tukunya, ya fita.

Rana ta take, yana tsakiyar yankan dawa, sai ya ji ƙarfen. Bugu ɗaya, daga kangon ƙauyen da ko akuya ba ta saura ba. Ƙarar ta mutu. Can aka ƙara. Hannun mahaifinsa ne, wanda ya daɗe a ƙasa.

Al'adarsu ce, in ƙarfe ya yi magana, a ajiye abin da ke hannu a tafi. Jikinsa ya yi haka kafin ya yi tunani. Ya so ya yi sauri, ƙafafun suka ƙi, sai dai ya taka yadda bugun ke tafiya.

A gindin ɗorawa ya tarar da wilin yana lilo, ba iska. Sandar bugun na rataye a mazauninta da yanar gizo a jiki. Ba sawun kowa. Ya shiga cocin da rabin rufinsa ya yaye, ya zauna a bencin ƙasa inda Azumi ke zama da goyo a da. Bai san rabonsa da zama haka ba. Ya fara Addu'ar Ubangiji, ya ji muryarsa baƙuwa. Ya kai ƙarshe, ya sake daga farko, har gumin bayansa ya bushe.

Da ya koma gona babu babur. Sawun tayoyi ya rufe kunyoyi, guntun taba na hayaƙi kusa da wuƙarsa. Duk zamansa a coci bai ji ƙarar inji ko ɗaya ba.

Da ƙafa ya fito titi, mai motar gawayi ya rage masa hanya. Azumi ta dube shi, ba ta tambayi babur ba. Ya wanke hannu ya zauna a tabarma.

"Uwata, waƙar nan da kika ja, maimaita min."

"Tana da tsawo fa, Baba."

"Ja abinki."

Dawar ba ta shigo gida ba. Yanzu Auta dako yake yi a kasuwa, shi ke kaɗa ƙararrawar cocinsu na gari. Matasa na ƙorafin ya cika jinkiri. Azumi ta ce wani lokaci in ya buga yakan karkata kunne wajen daji, ya daɗe, kamar mai jiran a amsa masa.