Hansai da Ɗakin Siminti

Idan ka tambayi tsofaffin Gozaki wace ce Hansai, sai sun yi dariya kafin su ba ka amsa, don babu wanda bakinta bai taɓa ba. Ni ma ya taɓa ni. Ranar da na fara riƙe madaɓi a gefenta, ina sabuwar amarya a garin, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Salome, daɓe muke yi, ba lallashin jariri ba." Shekara goma sha ɗaya na yi ina bin ta gida gida, ni Kirista ita Musulma, ban taɓa jin ta ce na iya ba. Amma duk inda aka kira ta aiki, sai ta aiko a kira ni.

'Yar Bakori ce, aure ya kawo ta. Mijin ya rasu da wuri, ta ƙi komawa gida, ta riƙe 'yar gonarta ta dawa da sana'ar daɓe. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya fi na manomi kaushi. Ita ce uwar daɓen unguwarmu: ita ke zaɓen marmarar da za a haƙo, ita ke cewa ruwa ya isa, ita ke ba da waƙa mu amsa muna buga ƙasa a jere, ita kuma ke jiƙa makubar ɗorawa da ake yayyafawa don daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Ɗakin amarya in ya fita daga hannunta, ƙuda ma sai ya yi hankali kafin ya sauka.

Ɗakin tsofaffi ne ba ta yi wa haka. Nan sai ta tsayar da mu tun ƙasa ba ta yi sulɓi ba, ta bi ta da tsintsiya mai tauri tun tana da danshi. Ta sa maza su rage tsawon dokin ƙofa, su kafa turken icce a gefen gado inda hannu zai kai, randa kuma a fitar da ita waje. Mutane sun sha yin gunaguni cewa ta yi wa iyayensu rabin aiki. Takan ce, "In sheƙi kuke so, ku shafa wa goshinku man gyaɗa." Dalilinta kuwa ba ta gaya wa kowa, mu ma mun ɗauka taurin kai ne kawai.

A shekarar 1964 auduga ta yi kyau a ƙasarmu, har waɗanda ba su iya noma ba suka ga alheri. Cikin waɗanda suka fi samu akwai Malam Maitama, mutumin kirki, mai yawan shiru. Ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi a unguwar: ya ɗauko siminti a mota daga Funtuwa, ya ɗauko birkila, ya gyara ɗakin mahaifiyarsa, Iya Barakatu. Aka fasa taga, aka zuba siminti a ƙasa, birkilan ya yi ta gogawa da cokalinsa har ƙasan ya koma kamar bayan faranti. Gari ya yi ta zuwa kallo. Ni ma na je, kuma ba zan ɓoye ba, na yi sha'awa, har na koma gida na yi wa mijina mita. Kowa sa wa Maitama albarka yake yi, ana cewa haka ake son ɗa.

Maitama kuwa ɗan fari ne, Iya Barakatu kuma macen da ce ta gaske, mai kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, kakarsa ce ma ta raine shi. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, bango take amsa wa. Godiyar ɗakin ma ta bakin wata maƙwabciya ta aika masa.

Da damina ta kama, sai aka daina ganin Iya a tsakar gida. Matar da ke zuwa rijiya da ƙafarta, ga ta kullum a kan gado, salla a zaune, komai sai an miƙo. Aka ce tsufa ne ya sauko mata gaba ɗaya. Maitama ya sayo kwalaben maganin ƙarfin jiki daga Malumfashi, ya karɓo rubutu, ya sa ana dafa mata kaza. Jiki kuwa sai ƙara sanyi yake yi.

Muka je duba ta ni da Hansai wata Laraba da hantsi. Ni fuskar Iya nake kallo, Hansai kuwa ƙasa take kallo. Ta goga tafin ƙafarta a kan simintin, wanda sanyin damina ya sa yake ta gumi, ta ja tsaki. Sai ta ce in kama Iya mu fitar da ita ta sha iska. Daga gado zuwa ƙofa, taku biyar ne, amma tsohuwar nan ta riƙe wuyana kamar za a jefa ta rijiya. Muna taka ƙasar tsakar gida sai ta sake ni, ta miƙe, ta taka da kanta har gindin ɗorawa, a hankali dai, amma ba mai riƙe ta.

Hansai ta zauna kusa da ita ta ce, "Yaya Barakatu, yaushe kika faɗi?"

Iya ta gyara kallabi. Can ta ce, "Ban faɗi ba. Santsi ne ya kwashe ni, ran da aka yi ruwan fari. Buta ta ɗiga, na taka. Allah ya sa na kama ƙafar gado."

"Tun ran nan fa?"

"Tun ran nan in na sa ƙafa, sai in ji ƙasa na gudu. In ba kowa, ja nake yi da gindi in kai ƙofa. To, ina ni ina fitowa mutane na kallo?"

"Shi wanda ya gyara ɗakin ya sani?"

Iya ta kama hannun Hansai da hannu biyu. "Don Allah, don Annabi, ki rufa mani asiri. Audugarsa ta shekara ce a ƙasan nan. Gari duk na yabonsa. In ce masa me? Da wane bakin ma? Shekara arba'in da biyar ban yi masa magana ba, sai in fara da cewa alherinsa zai kashe ni?"

Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji haka, ban kuma san da wa nake fushi ba. A hanya na ce ai abin mai sauƙi ne, a shimfiɗa mata tabarma. Hansai ta tsaya cak ta ce, "Tabarma a kan siminti? Ke dai Salome, so kike ta tafi da ita har Funtuwa ba kuɗin mota." Ta ce kuma ba santsin kaɗai take tsoro ba, zaman take tsoro. Ta ga tsofaffi da yawa: ƙafar da ta yi wata uku ba ta taka ƙasa ba, ba ta cika dawowa ba. Iya ta riga ta ci wata biyu.

Kwana huɗu Hansai ta yi tana juya maganar, don an roƙe ta da Allah, ita kuma ba ta wasa da wannan. Ran na biyar ta ce in raka ta. Muka sami Maitama a zaurensa yana gyaran ƙotar fartanya. Ta gaya masa ba tare da kwana ba cewa ɗakin nan ne ciwon uwarsa, a fasa shi.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ran nan. Ya ajiye fartanyar ya ce, "Gwaggo Hansai, na san siminti ya tsone maku ido. Kowa ya zuba, wa zai kira ku daɓe? Amma kada ki biyo ta kan mahaifiyata."

Maganar ta yi zafi, don akwai gaskiya a gefenta: gida uku sun riga sun fasa kiranmu a shekarar. Na zaci Hansai za ta wanke shi tas. Sai na ji muryarta ta sauka.

Ta ce, "Ɗan nan, zauna ka ji. Ina da shekara ashirin na yi wa uwata daɓe a Bakori. Na zuba makuba, na goge da dutse, na sake gogewa, don a ce 'yar wance ta iya. Aka kuwa ce. Bayan sati uku ta taka ruwan alwala, ta zame, ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa. Wata bakwai tana kwance ina juya ta, har ta cika, ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Kai ma taka ba za ta ce ba."

Ni da na yi shekaru a gefenta, ran nan na fara jin wannan labari. Maitama ya sunkuyar da kai, amma bai sauko ba. Ya ce in da haka ne, ai da an gaya masa.

"Wa zai gaya maka? Ita? Kada ka yarda da ni. Gobe da azahar, in mata sun tafi daka, ka zagaya bayan ɗakin ka tsaya jikin tagar nan da ka fasa. Kada ka yi sallama, kada ka yi tari."

Abin da ya gani, shi da kansa ya gaya wa mijina daga baya. Ya ga mahaifiyarsa ta saurara ta tabbatar ba kowa, ta zamo daga gado a hankali, ta zauna a ƙasa, ta riƙa jan jiki da hannu biyu zuwa inda buta take, zanenta na jan ƙasa. Da ta kai, ta huta, ta share fuska da gefen mayafi. 

Kafin la'asar ya aiko a kira mu. Muka mai da Iya ɗakin matarsa, ya shiga ɗakin simintin da diga shi kaɗai, ya hana kowa taya shi. Unguwa ta taru, wasu na cewa ya zautu, wasu na cewa Hansai ta yi masa asiri. Iya tana jin ƙarar digar tana kuka, tana cewa Hansai ta ci amanarta. Hansai ta ce, "Na ci. Ki yi ta fushi da ni a tsaye."

Mu tara muka yi daɓen, kwana biyu, aka bar shi ya sha iska kwana shida. Maitama ya sare dokin ƙofa da hannunsa, ya kafa turke a gefen gado, ya ƙara wani a bakin ƙofa wanda ba a ma ce ya yi ba. A kwanakin nan kullum da safe Hansai na zuwa ta tasa Iya gaba, daga ɗaki zuwa gindin ɗorawa, su dawo, Iya ba ta ce mata uffan. Ƙafar hagu ba ta koma daidai ba har abada, sai da sanda. Sana'armu ma ba ta koma daidai ba, don siminti ya ci garin a hankali, kuma Hansai ta rasu ba ta ga an daina yi masa gugar faranti ba.

Ran da aka mai da Iya ɗakinta ina wurin. Maitama ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, tafin hannunsa duk ya faffashe. Iya na zaune a bakin gado, ta juya fuska bango. Ta sauke ƙafa ɗaya, ta murza ta a kan daɓen, ta sauke ɗayar. Ta kama turken ta miƙe. Na yunƙura zan riƙe ta, Hansai ta finciko zanena.

Akwai ƙwaryar fura da aka ajiye mata a kan kujera. Ta ɗauka da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ta tako, taku biyar ɗin nan. Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar a gaban ɗanta, idonta na kan Hansai, wadda rabon da ta yi mata magana kwana takwas ke nan.

Ta ce, "Hansai, ki ce wa mutumin nan ya sha. Ya yi aiki."