Ƙusa a Tayar Baya

Shekaranjiya na tsaya wajen mai faci a bakin Ƙofar Kwaya, tayar motata ta yi sanyi. Ina tsaye ina jira sai iska ta kaɗo mini warin tsumman da ya sha fetur da baƙin mai. Wasu toshe hanci suke yi in sun ji shi. Ni kuwa ƙamshi ne a wurina, domin haka hannun kakana yake, ko ya wanke da sabulu sau uku, ko ya bi shi da turaren Juma'a.

Kakan nawa, mahaifin Babanmu, tsohon sojan sama ne. Kada ka ɗauka matuƙi ne. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, kuma in ka kira shi matuƙi, nan take zai gyara maka zance. Makaniken jiragen yaƙi ne, har ya yi ritaya ya dawo gidanmu na Ƙofar Kaura, inda duk unguwa Saje suke ce masa. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake cewa. Sunan nan ya jawo mini gata, ya kuma jawo mini harara, domin ga jikoki maza cike da gida, amma duk ranar Asabar ni ake ɗorawa a bayan mashin.

Mashin ɗin ja ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ko ɗigon mai ba ka gani a ƙarƙashinsa. Kafin a tashi akwai hidima. Kaka zai shimfiɗa wata jakar tamfol mai aljihu goma sha biyu, kowane aljihu da ƙarfensa: spanoni, filaya, sukudireba. Sai ya fara zagaya mashin daga hagu, kullum daga hagu. Ya ja birki, ya taɓa sarƙa, ya duba mai, ya ɗaga kowace taya ya juya ta a hankali yana bin ta da ido. In ya gama sai ya ƙirga ƙarafan, ya naɗe jakar, ya ce bismillah. Wata rana ɗan ƙanen Babanmu ya ɗauki spana ɗaya ya je fasa goruba. Da ƙirga ta tsaya a goma sha ɗaya, Kaka ya mayar da mashin zaure, ya ce ba inda za a je. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, Kaka ya ce a wurin aikinsu spana ɗaya da aka manta cikin inji ta isa ta mai da matar wani gwauruwa. Yaron nan kuwa na yi sati ban yi masa magana ba.

Ba wata sabga ke kai mu ba. Ba biki, ba ta'aziyya, ba kasuwa. Shan iska kawai, abin da kakata take kira yawon ƙona fetur. Mukan bi hanyar Batagarawa, mu karkata duk inda ransa ya so. Da damina gero ya fi ni tsawo ta kowane gefe, iska na ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, hijabina na kaɗawa har sai na danne shi da haɓa. Akwai wata tsamiya da muke tsayawa mu sha fura da nono a ludayi ɗaya. Lokacin kaka kuma dafaffiyar gyaɗa da rake, in ci in ɓata riga. Duk manomin da muka tarar sai Kaka ya kashe inji ya sauka, a yi gaisuwa tun daga gajiya da iyali har zuwa yabanya da awaki, ni ina gefe ina cin farce don gajiya da jira. Bai taɓa gudu ba. Masu keke ma wani lokaci wuce mu suke yi suna yi masa tsiya, shi kuwa ko a jikinsa.

Ina aji biyar na firamare ya fara wata sabuwar ɗabi'a. In mun tunkari allo a bakin hanya sai ya ce, "Uwata, karanta mani wancan, in gani ko malamanku na aiki." Ina karantawa da ƙarfi, ina jin kaina wata babba. Daga allo aka koma ramuka. Daga ramuka aka koma akuya da jaki. Ba mu taɓa zama mun tsara ba, amma sai ya zama in na matse kafaɗarsa ta dama ya kauce dama, in ta hagu ya kauce hagu, in duka biyu ya taka birki. Yarinya ce ni, amma ba wawiya ba. Na gane idon Kaka ne ke tafiya, na kuma gane ba ya son a sani.

Babanmu ma ya gane. Ya ga shayi na zuba gefen kofi, ya ga an gaida maƙwabci da sunan wani. To amma ɗa ba ya ba ubansa umarni. Wata la'asar na same shi durƙushe a zaure, kansa a ƙasa, yana cewa, "Baba, da an huta da mashin ɗin nan haka nan. In yawo ake so, ni sai in riƙa kai ku."

Kaka ya ce, "Ran da na duba mashin na kasa ganin aibinshi, ni da kaina zan kawo maka makulli. Kahin nan ka ƙyale ni."

Baba ya ce, "To, Allah shi tsare," ya tashi.

Ba a yi wata guda ba wani tsohon abokin aikinsa ya kawo labari cewa a sansanin sojojin sama da ke bayan gari an tara tsofaffin jirage a wata rumfa, an yi ɗan gidan tarihi, ana barin mutane su shiga kallo. Har da irin jirgin da Kaka ya yi shekaru yana gyarawa. Ban taɓa ganin tsoho ya yi ɗoki irin wannan ba. Tun Laraba aka goge farin kaftani, aka nemo katin ritaya a ƙasan akwati. Ya ce mini, "Kin daɗe kina jin labari. Ran Asabar za ki ga abin da ya cinye mani ƙuruciya."

Asabar ta zo. Baba na tsaye a bakin zaure, ya harɗe hannu, wai rakiya yake yi, alhali kallo yake yi. Kaka ya fara zagayensa daga hagu. Birki, sarƙa, mai. Ya ɗaga tayar baya ya juya. Nan na gan ta: ƙusa, ta nutse har wuya, kanta na ƙyalli a rana. Ta zo ta wuce gaban idonsa. Ya sake juyawa, ta sake zuwa ta wuce. Ya sauke tayar, ya ce lafiya lau.

Bakina ya buɗe, na rufe. Na san in na ce ga ƙusa, a gaban Baba zan faɗa, kuma Kaka ba ya magana biyu. Makulli zai miƙa a nan take, ba jirgi, ba sauran Asabar. Son sa ne ya hana ni magana, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da son yawon. Na hau na riƙe shi. Duk hanyar nan ban ga komai ba sai ramuka, ina karanta duk addu'ar da na koya a Islamiyya, har da ta cin abinci.

Muka isa lafiya. Wani kofur, matashi mai ladabi, shi aka haɗa mu da shi ya zagaya da mu. Ɗaki na farko hotuna ne da hulunan matuƙa da wani inji da aka raba biyu don a ga cikinsa. Kaka ya wuce hotunan da sauri, yana cewa ya san su duka. Ni na san dalili. Da muka fito rumfa sai ga jirgin nan, mai launin toka, dogon hanci, tantabaru sun yi sheƙa a saman rufin da ke kansa. Ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Kaka ya nemi izinin tsallaka igiyar da aka kewaye jirgin da ita.

Daga hagu ya fara. Sai a lokacin na gane inda aka samo zagayen mashin. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen yana tafiya a hankali, yana bin fiffike, yana durƙusawa ƙarƙashin ciki da farin kaftaninsa. Wajen tayar jirgin ya tsaya. A jirgi ana ɗaure noti da 'yar siririyar waya, a murɗa ta yadda za ta riƙa jan sa wajen ɗauri, kada girgiza ta kwance shi. Yatsunsa suka bi wata waya, suka dawo, suka sake bi.

"Wa ya ɗaure wagga?" ya tambaya. "Baibai aka yi. Wajen kwancewa take ja."

Kofur ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ya daina tashi. Na kallo ne."

"Ko na kallo ne," in ji Kaka.

Ya zaro filaya daga jakarsa, ya warware wayar, ya sake zura ta, ya murɗa. Ko kallon wurin ba ya yi, fuskarsa na sama. Murɗin ya fito sumul kamar kitso. Kofur ya sunkuya ya duba, ya miƙe, murmushin ya tafi. Ya haɗa ƙafa ya ƙame ya sara masa. Na ji kaina ya yi girma har na manta da ƙusa.

Suka zauna a inuwar fiffike, kofur na ta tambaya. Kaka ya ce masa, "Matuƙi ba shi duba inji. Sa hannuna shike dubawa a takarda, shi hau. In na sa hannu, ran ɗan wani na ɗauka." Ya ba shi labarin wani babban hafsa da ya taɓa matsa masa ya sa hannu a kan jirgin da bai gamsu da shi ba, ya ƙi, aka kulle shi kwana biyu a gadirum, ɗakin tsare sojoji masu laifi. Bai faɗa da fahariya ba. Kamar labarin ruwan sama ya faɗa.

Da muka fito, tayar baya ta kwanta. Kaka ya durƙusa ya bi ta da hannu, yatsansa ya tsaya a kan ƙusar. Ya ce wataƙila a bakin ƙofa muka taka. Da na yi shiru da an wuce a haka. Amma ban iya ba, sai hawaye.

"Uwata, mi ya hwaru?"

Na ce, "Tun a gida take."

"Kin gan ta?"

"Na gani."

"Ni kuwa na juya tayar?"

"Sau biyu."

Ya daɗe a durƙushe. Ban ga fushi a fuskarsa ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Muka tura zuwa wajen mai faci a bakin titi, aka cire ƙusar, aka liƙe, aka ba ta iska. Ya karɓi ƙusar ya jefa aljihu. Na ɗaga ƙafa zan hau, ya ce, "A'a. Da ƙahwa za mu."

Haka muka tako, rana tsaka, shi yana tura mashin mai lafiya da tanki cike, ni ina gefe riƙe da jakar ƙarafa. Tafiya ce mai nisa ga tsoho. Kaftanin ya jiƙe sharkaf. Wani mai mashin ya tsaya ya ce ko mai ne ya ƙare ya tsiyaya mana, Kaka ya yi godiya ya ce akwai. Da muka shigo unguwa masu shaguna suka fara tsokana, "Saje, yau jirgin ya ƙi tashi?" Ya ce, "Jirgi lahiya lau shike. Makaniken ne ya hwaɗi jarrabawa." Suka yi dariya, su a zatonsu wasa ne.

Bayan la'asar muka shiga zaure. Ya sa aka kira Baba. Ya ciro makulli da ƙusar, ya ajiye su tare a kan tabarma. Bai yi bayani ba, Baba ma bai tambaya ba. Ya durƙusa ya ɗauka da hannu biyu, na ga idonsa ya ciko.

Ni kuwa na ɓuya bayan randa ina kuka, ina ganin ni na kashe mana Asabar. Kaka ya laluba ya same ni. Na ce ya yafe mini da na faɗa. Ya ce, "Ba hwaɗin ne laihinki ba. Laihinki ɗaya ne: kin gani kin yi shiru, kika bari na ɗauki uwata a kan taya mai ƙusa."

Bai sake hawa gaban mashin ba har Allah ya karɓi abinsa. Yawon bai mutu gaba ɗaya ba, Baba yakan kai mu, Kaka a baya ni a tsakiya, yana yi wa Baba faɗan gudu tun daga Ƙofar Kaura har gindin tsamiya. Zagayen ma bai bari ba. Shi da hannu, ni da ido, kuma sai na ce ban ga komai ba sannan ya ce bismillah.

Yanzu gari ya ci gonakin da muke wucewa, mashina sun cika titi, kowa na gudu kamar an biyo shi, ban kuma san wanda ke fita bayan gari don shan iska kawai ba. Jakar tamfol tana wurina, ƙarafa goma sha biyu cif. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyata, kuma ni ke ƙirga almakasai da auduga kafin a ɗinke mutum. Akwai ranar da ƙirgata ta gaza da ɗaya, babban likita ya gaji, ya ce in bari ya rufe, ai kuskurena ne. Na ce masa ba za a rufe ba sai an nemo. Aka nemo.