Shekarar da Aka Fere Matakalar Kaka

Har yau in na ji warin man ƙyallin da kafintoci ke shafa wa katako, wanda suke kira banish, sai raina ya ɓaci. Mijina ya ce wannan ba hali ba ne, mutum ya yi gaba da gwangwanin mai. Ni kuwa na san abin da gwangwanin ya yi mana.

Gidanmu a cikin birnin Zariya yake, ginin ƙasa, da ɗan bene guda a ƙuryar tsakar gida. Matakalar benen ta katakon maɗaci ce, wani kafinta daga Wusasa ya yi wa kakanmu ita tun kafin a haifi Baba. A saman nan Kaka take kwana, tare da littattafan marigayi mijinta da tagar da take jin kiran salla ta cikinta. Idonta ya tafi tun ina goye, amma ba ta taɓa yarda a riƙe mata hannu ba. Tafiyar shekaru ta yi wa kowane taki ɗan kwarmi a tsakiya, daidai tafin ƙafarta, kuma akwai wanda yake kuka in an taka shi, da shi take gane ta kusa sauka. Takan hau da butar alwala a hannu guda, ta riga mu isa.

Sunanta aka sa mini, don haka Baba ba ya iya kiran sunana, Uwata yake ce mini. Ita kuma Kaka ba ta iya kiran nasa, domin shi ne ɗanta na fari. Tun tana da ido ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa doguwar magana. In ya gaishe ta sai ta amsa tana fuskantar bango, in tana da saƙo sai ta ba Inna ta kai wa "uban yaran nan". Haka muka taso muka gani, ana yabonta da kunya.

Kullum bayan magariba, in an kwashe tuwo, mukan kewaye murhu kafin garwashin ya mutu, ita a kan 'yar kujerarta, mu a tabarma. Tana gasa mana gyaɗa a toka tana ba mu tatsuniya, in wani ya yi gyangyaɗi ta gane daga numfashinsa ta zungure shi da muciya.

A shekarar da aka haifi ƙanena Sadisu, a tsakiyar shekarun tamanin, aka yi wa Baba ƙarin girma a ofis. Ya je gidan shugabansu a Kaduna ya ga matakala tana sheƙi, ya dawo ya dubi tamu ya ga baƙa ce, duk ta lotse. Matan abokan aikinsa za su zo suna, za su hau gaida Kaka. Sai ya aika Tudun Wada aka kira masa wani kafinta mai suna Sale, da wani mai fenti abokin aikinsa. Aka sauko da Kaka ɗakin kusa da madafa, wai kafin a gama.

Da ta ji ƙarar firar katako, sai ta lallaɓo ta tsaya kan Sale.

"Kai ɗan nan, me kake cirewa?"

"Ramukan nan, Iya. Za mu daidaita miki su, ki ga aikin zamani."

"Da wane idon zan gani? Bar mini su."

"Ai Alhaji ne ya sa ni, Iya," ya faɗa yana dariya, ko dakatawa bai yi ba.

Wannan dariyar na kasa yafewa. Mutumin da ke rayuwa da katako, ya ga kwarmin ƙafa a kowane taki, ya ga makauniya tsaye a kansa, amma bai haɗa biyun ba. Ko kuwa ya haɗa, ya ga ba ita ta kira shi ba.

Kaka ta kira Inna ta ce, "Gaya wa uban yaran nan a tsayar da aikin nan, ba na so." Inna suruka ce, kuma mai jego, ba za ta iya kai wa mijinta magana mai kaifi haka daga bakin uwarsa ba. A gabana ta ce masa, "Kaka ta ce kada ka wahalar da kanka." Baba ya yi murmushi ya ce ai wahala a kan uwa lada ce. Ya ma ce a ƙara shafa mai sau biyu. Tsakanin Kaka da ɗanta bai fi tsawon tabarma uku ba, amma maganar ta lalace a hanya.

Aka fere, aka goge da takardar nan mai kaushi, sanfefa, aka buga wa takin nan mai kuka ƙusa ya yi shiru, aka shafe komai da banish. Ranar da ya bushe Kaka ta hau da rarrafe. Da asuba ta sauko alwala, ƙafa ta nemi kwarminta ba ta samu ba. Ƙarar butar muka fara ji. Ƙugunta ya goce, aka kira mai ɗori, aka yi suna tana kwance a ɗakin kusa da madafa. Matan Kaduna suka yaba matakalar ƙwarai, babu wadda ta hau.

Sai da aka yi makonni kafin ta sa a fito da ita bakin murhu. Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa da rediyo, inda ya saba.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma ta yau ba taku ba ce ku kaɗai."

Muka ce ta zo mu ji.

Wai wata tsohuwar ƙadangaruwa ce take zaune a ƙololuwar rimi. Ido ya tafi, amma faratanta sun san kowace tsaga a jikin ɓawon. Ɗanta ya je yawo ya ga tangaran a gidan wani attajiri, ya dawo yana jin kunyar riminsu mai kaushi. Ya kira ɓera ya ce ya kankare ɓawon, ya kira katantanwa ya ce ta bi baya da yauƙinta. Tsohuwa ta ce wa ɓera ya bari, ɓera ya ce shi haƙoransa aka ɗauka aiki, ba kunnuwansa ba. Ta aiki tsuntsuwa wurin ɗan, tsuntsuwa ta ji nauyi, ta je ta rera masa waƙa mai daɗi ta dawo. Rimi ya yi ƙyalli, dabbobin dawa suka taru suna kallon fuskarsu a jikinsa. Tsohuwa ta sauko shan ruwa, shi ke nan, ta zama ta ƙasa. Tana zaune a gindin gidanta, kowa yana yi wa ɗanta barka.

A nan ta tsaya. Muka jira ta rufe da "ƙurunƙus kan ɓera" kamar yadda ta saba, ba ta rufe ba.

Na ce, "Kaka, to sai me ɗan ya yi?"

"Takwara, ban sani ba. Ban taɓa kallon fuskarsa ba balle in gaya miki."

A nan na lura rediyon Baba ya daɗe da mutuwa.

Washegari ya sa aka kira Sale, ya wanke shi tas a zaure, muna ji daga ciki. Sale ya ce shi abin da aka sa shi ya yi. Aka buga buhu a kan kowane taki don rage santsi. Da Kaka ta warke aka kai ta gindin matakalar, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ɗan murza, ta janye. "Ba ta san ni ba," kawai ta ce. A ɗakin kusa da madafa ta ƙarasa sauran shekarunta cikin hayaƙi, littattafan mijinta suna sama, tagarta a rufe.

Na daɗe ina raba fushina. Wani kaso na Sale ne, wani na Baba, da ya kira baƙo daga Tudun Wada ya tambaye shi shawara bai tambayi mai hawa ba. Da na girma sai na ga har Kaka ina jin haushinta. Ta iya faɗa wa yara da dabbobin dawa gaskiya, amma ta gwammace ta rasa ɗakinta da ta buɗe baki ta ce wa ɗan da ta haifa, "Kai, bari." Kuma duk unguwa aka ci gaba da yabon kunyarta.

Bayan rasuwarta Baba ya cire buhunan ya koma benen da kwana. Shekaru suka ja, ciwon suga ya taɓa masa ido. Wata rana na zo gida na tarar Sadisu ya kawo masu gyara, ana yaɓe, ana fenti, wani kafinta kuma ya durƙusa yana shafa matakalar, yana cewa ai ta lotse, a bari ya fere ta. Baba yana zaune a gefe ya sunkuyar da kai, yana jin nauyin ya hana ɗansa abin alheri.

Ni ba ni da wannan nauyin. Na ce wa kafintan ya kwashe kayansa daga nan, ya je ya gyara ƙofar zaure in aiki yake nema. Na juya wurin Baba na ce, "Kai ma kana da baki. In ba ka so, ka ce ba ka so."

Ya ɗago fuskarsa wajen muryata.

"Uwata," ya ce, "da kin faɗa mini haka tun wancan karon."