Tambayar Kawu Ɗanjuma Kafin Shayi

Shekara tara ke nan da rasuwar Kawu Ɗanjuma, mai gahawar Bakin Daji, amma har yau in na ga baƙo ya ɗauki kofin shayi ba a tambaye shi komai ba, sai in ji wani iri.

Gahawar, wato wurin shan shayi, ya kafa ta ne a bayan unguwar Bani Malik ta Jidda tun gari yana ƙarewa a nan, gaba sai ƙaya da awaki. Jidda ta zo ta kewaye ta da benaye, sunan bai canza ba. 'Yan dakon tashar jiragen ruwa, direbobi, tsofaffin alhazan da suka zo da ƙafa suka zauna, duk nan suke sauke gajiya. Shayin kuwa, Allah Ya jiƙansa, ba abin a zo a gani ba ne.

Doka ɗaya gare shi. Baƙo ba ya samun kofi sai ya faɗi garinsu da ƙarfi, kowa ya ji. Babu ruwansa da iƙamarka, takardar zama, ko kafilinka, wanda ya tsaya maka.

Ni da na zo aikin injiniya, wani abokin aiki ya ja ni can, na ɗauki abin ƙauyanci. Na ce Kano, don a wuce wurin.

"Halas, ya isa, a Jidda kowa ɗan Kano ne," in ji shi, yana riƙe da buta. "Ina aka binne cibiyarka, ɗana?"

Na ambaci ƙauyenmu a daƙile. Ya ajiye butar a hankali, ya tambaya ko wata Hajara ta gidan Maƙera tana da rai.

Mahaifiyata ce. Shi ne yayanta da ya tafi Makka da ƙafa tana yarinya, wanda a gida an daɗe da yi masa sadakar mutuwa. Kunyar komawa hannu rabbana ta hana shi ko da wasiƙa. Ashe duk shekarun nan yana tambayar baƙi, amsa ɗaya yake jira. Ranar da na haɗa su a waya, ni ma na yi kuka.

Yau gahawar ta zama wurin wankin mota. Da zai ga 'yan gari ɗaya suna zama kafaɗa da kafaɗa, kowa ido a waya, na san butar zai ɗauke gaba ɗaya.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Amma 'yata da aka haifa a nan, wadda Hausarta ke tuntuɓe, ba ta miƙa wa baƙo shayi sai ta ce, "Wane gari?" Ba na hana ta. Da Kawu ya karɓi Kanon nan tawa ya zuba min shayi, da mahaifiyata ta koma ga Allah tana yi wa mai rai addu'ar mamata.