Bugcar Hola Gulandom

Yaran yanzu jaka kawai suka sani. Mu bugca muka tashi muna ji: ƙyalle mai kusurwa huɗu, a zuba kaya a tsakiya, a tattaro bakunansa a ƙulle. Tsofaffi sun ce daga bakin fataken Turkawa kalmar ta faɗo a kwarinmu, ma'anarta ɗan ƙunshin da aka ɗaure.

Maƙwabciyata Hola Gulandom, mai gasa gurasa, ba ta taɓa fita gari ba tare da tata ba. Kowa ya san abin da ke ciki, babu wanda ya taɓa gani: likkafanin da marigayi mijinta ya tsoma a Zamzam, da sabulun wankan gawa.

Ranar da za ta birni aikin ido, mota ɗaya muka shiga. A hanya muka tarar dutse ya zaftaro ya cinye titi. Ba mafita sai tsohuwar gadar igiya, kogi na kumfa ƙarƙashinta, wata mota na jira a ƙetare.

Direbanmu Shodmon ya ce, "Kowa ya bar kayansa. Hannu biyu gadar nan take so."

Hola ta ƙanƙame bugca.

"Gobe zan kawo miki har gadon asibiti, Hola," in ji Shodmon.

"In wuƙar likita ta zame yau fa? A jarida za su naɗe ni?"

"In kika faɗa ruwan nan, wa zai ga gawar balle ya naɗe?"

"Rufe min baki! Da gurasata ka yi haƙora."

Tsakuwa ta soma gangarowa ta bayanmu. Motar ƙetare ta matsa hon. Hola ta dubi ruwan da idonta mai yana, ta daɗe.

"Maza, ku kalli dutse," in ji ta.

Muka juya baya. Ba ma jin komai sai ƙarar sabon yadi ana warwarewa. Da ta ce mu juyo, ta yi ƙiba kamar randa: ta nannaɗe likkafanin a jikinta ƙarƙashin riga, ta tamke ƙugu da ƙyallen bugcar. Sabulun ta danƙa wa Shodmon. "Ungo, ka wanke bakinka."

Ta kama igiya da hannu biyu. Gada na lilo, ni ina bayanta. A tsakiya katako ya karye ƙarƙashin ƙafarta, ruwa ya haɗiye shi. Ta rataya da hannuwan da suka shekara suna murza ƙullu, ta lalubo na gaba.

Da ta taka ƙasa, bakin farin yadin ya leƙo daga rigarta. Ta cusa shi ciki, ta ce masa, "Ba yau ba."